Masu Yi wa Na'ura Ɗaki a Kudancin Kano

Wanda ya bar titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora ya miƙi hanyar Jos, kafin ya wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore zai ga rumfunan masu walda a bakin hanya. Abin da ido ya saba gani a gabansu ƙofofi ne da tagogi da gadon ƙarfe, da amalanken shanu da aka kawo gyara. A 'yan shekarun nan wani abu ya shigo cikin jerin: akwatunan ƙarfe masu gajerun ƙafafu, jikinsu da tsage-tsage, wasu farare wasu ruwan toka, an jera su a rana fenti yana bushewa. Waɗannan su ne ɗakunan batir da inbata da kwantirola, kayan da ke karɓar wuta daga faifan sola su riƙe ta har dare.

Ba a rasa dalilin yawaitarsu ba. Ƙauyuka da dama a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa layin lantarki bai kai su ba, inda ya kai kuma wutar ba ta zama. Da can janareta ke cike giɓin. Sai ga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai cajin waya ya zauna ya yi lissafi, mai POS ya yi, mai gidan kallon ƙwallo ya yi, mai sayar da kifin madatsar Tiga da ke son firiza ya yi, kwamitin masallaci ma ya yi, duk suka koma wa rana. To amma batir ɗaya mai amfiya 200 kuɗinsa ya kai na buhunan masara da dama, nauyinsa ya kusa kilo 60, ga shi yana da kasuwa a hannun ɓarawo. Mutumin da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayo shi ba zai yar da shi a ƙasa haka kawai ba. Daga shagon mai sola, sai rumfar mai walda.

A nan sana'ar ta rabu da walda ta yau da kullum. Ƙofa abu ɗaya ake nema a wurinta, ta rufu gam. Akwatin na'ura kuwa ana son ya yi abu biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ya rufu, don ɓarawo da ruwan sama da ƙurar hunturu da ɓera da tsaka kada su sami hanya. Ya kuma buɗu, don zafin da na'urar ke fitarwa ya sami mafita. Wanda ya toshe ko'ina ya dafa batir, wanda ya buɗe ko'ina ya gayyato damina. Gwani shi ne wanda ya san inda zai tsaya a tsakani, kuma a ganina wannan sanin ya fi ƙarfen daraja, ko da yake ƙarfen kaɗai ake yi wa ciniki.

Zafi ba ya kisa nan take, a hankali yake ci. Masu ƙera batirin dalma da ruwan asid suna auna ƙarfinsa da tsawon ransa ne a kan digiri 25. Ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe da sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka, in ya ɗore, yana zaftare rabin shekarun batirin. A ƙasar Kano kuwa, watan Afrilu, zafin inuwa ma yakan haura digiri 40. A ɗauki baƙin akwati rufaffe a ajiye a tsakar rana, cikinsa zai zarce haka nesa ba kusa ba. Batirin da ya kamata ya yi shekara huɗu sai ya fara gajiya tun bai rufa biyu ba, mai shi ya yi ta zargin wanda ya sayar masa, alhali laifin na akwati ne. Inbata kuma tana da nata halin. In zafi ya yi mata yawa sai ta yi kuka ta ɗauke wuta, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da firiza da fanka suka fi bukatarta.

Aikin yana farawa ne daga birnin Kano. A kasuwar Ƙofar Ruwa ake sayo filet falle-falle, ƙafa 4 a ƙafa 8, da angul, da fayif mai kusurwa huɗu, da hinji, da kwalin sandar walda, da faifan giranda na yanka da na guga. Kaurin filet shi ne farkon gardama. Akwai mai milimita 1, akwai 1.5, akwai 2, kuma tsakanin kowane biyu akwai kuɗi. Mara kauri yana da araha da sauƙin lanƙwasawa, amma wutar walda tana huda shi, ɓarawo kuma da ƙarfen cire taya zai ɓanɓare shi. Maigida mai gaskiya yakan ajiye guntun kowanne a rumfa, ya miƙa wa mai saye ya taɓa da hannunsa ya zaɓa. Daga falle guda, in an iya shata shi, ana fitar da akwati biyu na batir ɗai-ɗai, har a sami ragowa. Wanda jarinsa bai kai ba yakan leƙa wurin 'yan gwangwan ya sayi jikin tsohon firji ko kabad ɗin ofis. A can ne kuma ake samun ƙananan fankoki masu aiki da wutar batir kai tsaye, waɗanda aka ciro daga matattun kwamfutoci. Sai a ɗora kayan a mota, kuɗin mota da na 'yan dako duk su hau kan akwatin da ko layinsa ba a ja ba.

Kafin a taɓa ƙarfe, awo. Maigida ba ya aiki da kwatance. Ko a kawo batirin, ko ya tura yaro da tef ya auno. Dogon batir mai ruwa, wanda ake ce wa tubula, tsayinsa ya kusa ninka na busasshe, kuma dole a bar sarari a samansa yadda hannu zai shiga ya kwance marufai a ƙara ruwan batir. Tsakanin batir da batir a bar faɗin yatsa biyu, tsakaninsu da bango ma haka. Sai a shimfiɗa filet a ƙasa, a ja layi da alli da sikwaya, giranda ta bi layin tana zubar da tartsatsi. Angul ake fara haɗawa. A yanka, a gama kusurwa, a ɗiga walda ɗigo-ɗigo tukuna, a auna daga wannan kusurwa zuwa waccan a gicciye. In awo biyun ya zo daidai, akwatin bai karkace ba, sai a bi shi da walda sosai. Filet kuwa ba a yi masa doguwar walda a jere, don zafi zai murɗe shi ya yi tumbi. Nan kaɗan, can kaɗan, a bari ya huce, a dawo.

Tsagar iska ita ce wurin da ake gane hannu. Maigida zai ja gajerun layuka a kwance a gefen akwatin, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowane bai wuce taƙi ba, ya tsaga su da siririn faifan giranda. Sannan ya sa bakin cizal a cikin tsagar, ya bubbuga da guduma a hankali, yana turo leɓen sama waje har ya yi baki mai kallon ƙasa. Yaro yana tare da guntun katako don kada filet ɗin ya lotsa. In an gama, ka tsaya a gaban akwatin ba za ka ga cikinsa ba, sai ka durƙusa ka leƙa ta ƙasa. Ruwan da iska ta koro zai bugi leɓen ya gangara. Jeri ɗaya ana yin sa can ƙasa, ɗaya can sama a ɗaya gefen, domin iska mai zafi sama take tashi. Tana fita ta sama, mai sanyi tana shigowa ta ƙasa ta maye gurbinta, ba fanka ba wuta. Inda zafin ya fi ƙarfin haka, sai a ɗaura 'yar fankar kwamfutar nan a bakin tsagar sama, tana jan iska waje. Ta ciki kuma a manna ragar sauro ta ƙarfe. Wanda ya raina ragar nan bai taɓa buɗe inbata ya tarar zanzaro ya yi gininsa na laka a kan allon na'ura ba, ko tsaka ta shiga neman ɗumi ta haɗa waya biyu da jikinta, ta mutu ta tafi da inbatar.

Akwai kuma abin da ba a wasa da shi. Batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta fi kowace iska rashin nauyi, kuma in ta taru ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ba a yi wa akwatin batir rufin da zai tara iska a ƙoƙonsa, shi ya sa kuma gwani ba ya yarda ya zuba batir da inbata a ɗaki ɗaya, sai ya raba su da bango. Ko ba gobara, tururin asid yana cin allon inbata. Za ka ji mai saye yana cewa, "Haba maigida, haɗa min su wuri guda mana, kuɗin ya yi yawa." Amsar da ta dace ita ce a'a, ko da cinikin zai tashi.

Sauran dabarun duk wanda ya taɓa gina rumbu ya san su. Rumbu ba ya zama a ƙasa, a kan duwatsu ake ɗora shi saboda danshi, kuma ana kifa masa jinka don rana da ruwa. Akwatin ma ƙafafu ake yi masa, wanda zai zauna a waje kuma rufi biyu: murfinsa na ainihi, sai wani falle a samansa da tazarar yatsa uku, bakinsa ya zarce jikin akwatin, rana ta ƙare a kansa iska ta ratsa tsakani. Ramin waya ta ƙasa ake huda shi, a sa masa guntun tiyo don kaifin ƙarfe kada ya yanke waya. Hinji ta ciki, kwaɗo a cikin ɗan aljihun ƙarfe inda zarto ba zai kai ba, ƙafafu a binne a kankare. Makiyayin da rugarsa ke gefen dajin Falgore kuwa nasa daban ne. Ƙarami yake so, mai mariƙi, wanda za a ɗaure a bayan babur, da maɗauri a ciki don batir kada ya yi ta dukan bango a hanyar daji.

Daga nan sai a goge walda, a bi da samfefa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, musamman ga akwatin da zai tafi Doguwa ko tsaunukan Riruwai, inda damina ta fi ta arewacin Kano tsawo da nauyi. Launi shi ma gardama ne. Mai saye yakan so baƙi, wai ba ya nuna datti. Baƙi kuwa zafin rana yake sha, fari ne ke mayar da shi.

Matsalar nan ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma ta daɗe. A 1864 wani injiniya ɗan Sikotland, Thomas Stevenson, wanda sana'ar gidansu gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce, ya tsara akwatin ajiye ma'aunin zafi. Yana son ma'aunin ya ji zafin iska, kada rana ta taɓa shi, kada ruwa ya jiƙa shi. Irin akwatin ne har gobe ake gani a tashoshin duba yanayi a duniya: fari fat, bangonsa duk tsagar iska mai kallon ƙasa, rufinsa biyu, a kan ƙafafu sama da mita ɗaya daga ƙasa. Ba lalle mai waldan Tudun Wada ya taɓa jin sunan mutumin ba, amma bukata ɗaya ta kai su ga amsa ɗaya.

Inda aka bambanta shi ne, a ƙasashen da masana'antu suka kafu, wanda ya gano irin wannan dabara yakan rubuta ta, ya zana ta, ya kai wa hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana wani ya ƙera ya sayar ba da izininsa ba har wani wa'adi. Willis Carrier ya karɓi tasa a Amurka a 1906 a kan na'urar sarrafa iska, kakar iyakwandishan. A 1944 wani injiniyan kamfanin General Motors, Richard Gaugler, ya karɓi tasa a kan bututun kwashe zafi, George Grover kuma ya sake gano shi a cibiyar bincike ta Los Alamos a 1963. Bututun jan ƙarfe ne rufaffe da ɗan ruwa a ciki. Ruwan ya zama tururi a bakin da ke da zafi, tururin ya gudu ɗaya bakin ya huce, ya koma ruwa ya dawo. Duk mai gyaran kwamfutar cinya a Kano ya sha riƙe shi a hannu, shi ne lanƙwasasshen jan ƙarfen nan da ke manne da fanka. Akwatunan da ke gindin turakun sadarwa, waɗanda suka bazu bayan shigowar wayar salula a 2001, su ma daga masana'anta suke zuwa da fanka da matatar ƙura, wasu har da iyakwandishan nasu. Irin waɗannan kaya har lamba ake buga musu. In ka ga IP65 a jikin kwantirola ko kyamarar tsaro, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 na nufin tana jure feshin ruwa.

Nijeriya ma tana da tata dokar mallakar ƙirƙira tun 1970. Sharaɗin shi ne abin ya zama sabo, ya fito daga ƙirƙirar mai shi, kuma za a iya sarrafa shi a masana'anta. Wa'adin shekara 20 ne, ana biyan kuɗi duk shekara. Ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, akwai kuma hukumar NOTAP da aka kafa a 1979, wadda ke taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista. Sai dai a faɗi gaskiya, tsagar iska da rufi biyu sun tsufa, ba su cika sharaɗin sabunta ba. Kuma a rumfar walda sabuwar dabara ba ta kwana. Yau ka fito da sabon aljihun kwaɗo, kasuwa mai zuwa ka gan shi a rumfar maƙwabcinka, ba kuma za ka kira shi ɓarawo ba, don kai ma ka ɗauki wani abu a wurinsa. Ni abin da na fi ganin amfaninsa ga masu sana'ar shi ne abin da ke biyo bayan wa'adin. Takardar da shekarunta suka cika ta zama ta kowa halak malak, kuma dubbansu suna intanet kyauta da zanensu dalla-dalla. Yaron shago da ya yi sakandare, ga waya a aljihunsa, zai iya buɗe zanen yadda wasu suka bi da iska cikin akwati shekara 50 da suka wuce ya nuna wa maigidansa.

Kada kuma a ɗauka dabarar gida ba ta zuwa ko'ina. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafi, gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 ya karɓi kyautar Rolex ta dala 75,000. Sanyin randa kowace tsohuwa ta san shi. Abin da ya ƙara shi ne gwaji da ƙirga kwanaki da rubutawa. Tukunyarsa ba ta dace da na'ura ba, don danshi yana kashe kayan lantarki, amma ƙirgar tasa ta dace. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan, a sa a farin akwati da baƙi da ƙarfe biyu na rana, a rubuta abin da kowanne ya nuna a bangon rumfa, zai kashe gardamar fenti fiye da rantsuwa.

Lissafin sana'ar gida biyu ne, kuɗin kaya da kuɗin aiki. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami a sayo ƙarfe, ya cika in ya zo ɗauka. Ƙarfe ke cinye kaso mafi tsoka, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023 farashinsa ya daina zama wuri ɗaya. Maigida zai yi ciniki ran Litinin, ya je Ƙofar Ruwa ran Alhamis ya tarar filet ya tashi, ga shi ba ya iya komawa ya ce a ƙara. Daga kuɗin aikin ne zai cire man janareta, da sandar walda, da faifan giranda da ke cinyewa, da fenti da tina, da abincin yara da ɗan abin da zai sallame su da yamma, da haya da harajin ƙaramar hukuma. Abin da ya rage shi ne cefanen gida. Ƙaramin akwati yini ɗaya ne aikinsa, fenti ya kwana ya bushe. Babba mai ɗaukar batir huɗu ko takwas na asibiti ko makaranta yakan ci kwana biyu ko uku, kuma a irinsa ne ake ganin riba.

Yawancin aikin ta hannun mai haɗa sola yake biyowa. Shi ya san mai gida, shi ya karɓi kwangila, shi zai ce a yi akwati. In mutumin kirki ne, sana'o'in biyu suna ɗaga juna. In mai son kai ne, zai ce a sa filet mara kauri, a bar raga, a bar rufi na biyu, ya sa bambancin a aljihu, ran da batir ya kumbura kuma sunan mai walda ne zai ɓaci. Araha ba ta ado. Kasuwa tana buɗewa da kaka, lokacin da shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa suka shiga buhu kuɗi ya shigo hannu, ta sake motsawa da bazara da azumi in kowa na neman fanka da ruwan sanyi. Da damina kuwa maigida da yaransa rabin yininsu a gona yake.

Wahalar jiki ba a magana. Garkuwar fuska ta walda ba kowace rumfa ke da ita ba, baƙin tabaran kasuwa ake sawa, wanda ba ya tare hasken da ke ƙona ido. Abin da sabon yaro ke fara ji daga bakin maigidansa shi ne, "Riƙe nan, kada ka kalli wuta." In ya kalla da rana, da daddare zai sani: ido ja, hawaye, yana jin yashi a ciki har asuba. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Faifan giranda in ya fashe ba ya zaɓen wurin sauka. Kuma inda babu injin lanƙwasa filet, sai a matse shi tsakanin angul biyu a bi da guduma, aikin minti ɗaya ya ci rabin awa. Da masu walda na gari guda za su haɗa kuɗi su sayi injin lanƙwasa ɗaya, kowa ya dinga biya yana amfani, da akwatinsu ya yi gogayya da na kanti a kyan gani, don a ƙarfi dai ba a bar shi a baya ba.

Kayan da ake yi wa ɗakin su ma suna sauyawa. Fitilun titi na sola na farko kowace da akwatin batir a gindinta ko a wuyanta, aiki ne mai yawa ga masu walda. Na yanzu faifai da batir da ƙwai duk a ƙulle suke cikin kai ɗaya, babu abin ƙerawa sai turke. Batirin litiyam yana zuwa da rigarsa ta ƙarfe daga masana'anta, a bango ake rataye shi, ba ya neman ƙarin ruwa. Amma shi ma ba ya son zafi, kuma ya fi na da tsada, don haka ya fi bukatar tsaro. Ga kyamarorin da ake kafawa a shaguna da gidajen mai, kowace tana son 'yar rumfa da kejin da ba zai tare mata ido ba. Ga kwantirolar famfon burtsatse da ke tsaye a fili rani da damina, ga amfilifayar masallaci. Aikin yana komawa daga akwati rufaffe zuwa keji da inuwa, awonsa kuma ya fara zuwa a rubuce. Littafin da ke cikin kwalin inbatocin bango da yawa yana cewa a bar kimanin santimita 20 a kowane gefe, 50 a sama da ƙasa. Don haka maigidan da ya saba da awon yatsa, yanzu sai ya ce wa mai haɗa sola ya taho da littafin tare da na'urar, yaro ya karanta a ji kafin a yanka ƙarfe.